Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Gwamnan Kaduna Daga Ɗan Kakuri Da Ya Dawo Gida

Mai girma Gwamnan Jihar Kaduna, Sanata Uba Sani,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ban girma, ina addu'ar Allah ya taya ka riƙon amanar da mutanen wannan jiha suka ɗora maka.

Ni tela ne, haifaffen Kakuri, kuma ɗan tsohon ma'aikacin masaƙa. Na yi shekara goma sha huɗu a Abuja ina ɗinka kayan makaranta da na ma'aikatan otal da na masu gadi, sannan bara na loda kekunan ɗinkina takwas a bayan mota, na kwaso iyalina na dawo unguwar da aka binne cibiyata. Na rubuto maka ne domin ba ni kaɗai na yi wannan ƙaura ba, kuma ina ganin gwamnatinka ba ta lura da irinmu ba tukuna, balle ta tambayi abin da zai sa mu zauna ko mu sake naɗe tabarma.

Zan fara da gaskiya, ranka ya daɗe: ba kewar gida ce ta fara dawo da ni ba, tsadar Abuja ce ta koro ni. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, yaran da ke yi mini aiki, waɗanda ke fitowa daga Mararaba da Nyanya tun da asuba, suka koma kashe mafi yawan abin da suke samu a kuɗin mota, har wasunsu suka gwammace kwana a ƙarƙashin teburin yanka. A watan Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin wuta na rukunin farko zuwa naira 225 kan kowane ma'auni, shagona kuma yana cikin wannan rukuni. Abin da ya ƙarasa karya mini gwiwa shi ne ranar da mai shagon ya aiko da takarda cewa haya ta ninka, kuma ta shekara biyu yake so a dunƙule, ban da la'adar dillali da kuɗin lauya. Na zauna na yi lissafi, sai na ga ashe mai gida nake yi wa ɗinki, ni kuma ina cin abin da ya rage.

Kakurin da na tashi a cikinta ba sai an ba ka labarinta ba, amma ka yi mini uzuri in ɗan tsaya a kanta, domin ita ce ma'aunin da muke auna yau da shi. Masaƙar Kaduna Textiles Limited, wato KTL, ta fara aiki a 1957, zamanin Sardauna, da haɗin gwiwar wani kamfanin Ingila. A shekarun 1960 masaƙar Arewa da ta United Nigerian Textiles Limited, wato UNTL, suka biyo baya, ga masana'antar ƙera makamai ta soja, ga kamfanin Peugeot da ya fara harhaɗa motoci a 1975, sannan matatar mai ta zo a 1980. Mu yaran unguwa ba mu san agogo ba, jiniyar masaƙa muka sani. Idan ta yi kuka da rana, sai ka ga titi ya cika da kekuna, masu fita suna cin karo da masu shiga, mata masu tuwo da masu ƙosai sun jera a bakin ƙofa suna ba da bashi ba fargaba, domin sun san ƙarshen wata ba ya saɓawa. Mahaifina yakan dawo da burbushin auduga a gira da gashin baki, mahaifiyarmu ta riƙa tsokanarsa cewa furfura ta kama shi kafin lokacinta. Da guntayen yadin da yake sayowa da rahusa na koyi taka keke.

Yadda abin ya rushe ma sananne ne: rashin wuta, tsadar baƙin mai, tsufan injuna, lalacewar noman auduga, da kwararowar atamfar waje ta halal da ta fasa-ƙwauri. KTL ta rufe a 2002, UNTL ta rufe a 2007, aka sake buɗe ta a 2010 ba ta koma yadda take ba. Mahaifina ya rasu yana bin masaƙar da ya yi wa aiki, wadda ba zan kama sunanta a nan ba, kuɗinsa na sallama. Takardunsa suna nan cikin akwatin ƙarfe a ɗakin mahaifiyarmu, an ɗaure su da ƙyallen atamfa, kuma har yau idan ta ji an ambaci masaƙa a rediyo sai ta ce a ƙara murya. Gidaje irin namu suna da yawa a Kakuri da Makera da Nasarawa.

Ba zan yi butulci ba, Kadunar da na tarar ta fi wadda na bari. Aikin sabunta birni da aka ƙaddamar a 2019 ya sauya fuskar Kawo da tsakiyar gari, kamfanin Olam yana sarrafa abincin kaji a Chikun tun 2017, an buɗe tashar tsandauri a nan Kakuri a farkon 2018, kuma an koma harhaɗa motocin Peugeot a sabuwar masana'antar da ke kan hanyar Abuja. A zamaninka an sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari bayan shekarun da ta yi a rufe, an kafa cibiyoyin koyon sana'a a Rigachikun da Soba da Samarun Kataf, an kuma ɗaga darajar kasuwar masu sana'ar hannu ta Panteka. Waɗannan su ne suka ba ni ƙarfin halin cewa matata ta haɗa kaya.

Sai dai abin da na gano cikin wannan shekara shi ne, abin da na tsira da shi daga hannun mai gida a Abuja, janareta ne yake karɓewa a Kaduna. Bari in ba ka misali guda. Gab da komawa makaranta na karɓi aikin kayan ɗalibai na wata makaranta, kwana goma aka ba ni. A cikin kwanakin nan ba mu taɓa samun wutar da ta kai mu daga safe zuwa azahar ba, kuma a rana ta huɗu taransifomar layinmu ta ƙone, aka fara zagayawa gida gida ana karɓar kuɗin gyara. Keken ɗinki na lantarki ba ya shan wuta sosai, amma dutsen guga da injin saka tambari ba sa jin lallashi. Muka koma guga da gawayi kamar zamanin kakanninmu, wani yaro ya ƙona wuyan riguna shida cikin barci da ƙarfe biyu na dare, na biya daga aljihuna. Da na cire kuɗin mai daga cinikin, abin da ya rage bai kai ladan yaran ba. Ta tagar shagon nan, Mai girma Gwamna, ina hango katangar wata masaƙa da ta mutu, mai faɗin da za ta ɗauki irin shagona ɗari, ciyawa ta cinye harabarta, awaki suna kiwo a inda manyan motoci ke lodin bandir.

A nan roƙona yake. Ni ban yarda da masu cewa za a tashi wata rana a ga masaƙun nan sun dawo da dubban ma'aikata kamar 1980 ba. An sha yi mana wannan alkawari a lokacin zaɓe, an ware asusun naira biliyan 100 ta Bankin Masana'antu, Babban Banki ya hana masu shigo da yadi dala a 2019, aka janye hanin a 2023, kuma yadin da nake yankawa yau daga Sin yake zuwa, in je Kantin Kwari in sayo. Abin da nake ganin zai yiwu ya fi wannan ƙanƙanta. A ɗauki harabar masaƙa guda, a gyara rufinta, a yanka ta rumfa rumfa, a ba teloli da masu rini da masu saka tambari da masu ɗinkin takalmi da jaka haya mai sauƙi, a ja mata layin wuta nata na kanta, a haɗa da na hasken rana a kan wannan makeken rufi, kowa da mitarsa ya biya abin da ya sha. Ba kyauta muke nema ba, wutar da za a iya yin lissafi a kanta muke nema. KTL mallakar jihohin Arewa 19 ce ta hannun kamfaninsu na zuba jari, NNDC, kai kuma kana zama a taron gwamnonin Arewa, nan Kaduna ma ake yin taron, saboda haka maganar ba ta fi ƙarfin bakinka ba. Ina roƙon ka kafe a kan abu biyu a wannan zaure: kada a yanka filayen masaƙu a sayar wa masu gina rukunin gidaje, domin filin masana'anta idan ya zama gida ba ya dawowa, kuma duk wata yarjejeniya da za a ƙulla a kan kadarorin masaƙun da suka mutu, a fara da biyan tsofaffin ma'aikata da magadansu.

Tashar wuta mai ƙarfin megawat 215 da ke Kudenda, wadda aka fara tun ina saurayi, da bututun gas da aka ƙaddamar a 2020 daga Ajaokuta zuwa Kano ta Kaduna, na san ayyukan tarayya ne. Amma da yake ka yi Majalisar Dattawa kuma kana da kunnen fadar shugaban ƙasa, muna so mu ji kana tambayar ranar gama su a bainar jama'a, kuma a tabbatar cewa idan gas ya iso, Kakuri da Kudenda ne za su fara sha. Haka nan aikin gyaran hanyar Abuja, wadda har yanzu yawancin masu ba ni aiki suna can ƙarshenta.

Sannan akwai kasuwa. Gwamnatin da ta gabata ta taɓa raba wa telolin jihar ɗinkin kayan ɗaliban sakandare, kuma waɗanda suka samu aikin har yau suna labarinsa. Jiha tana sayen kayan ɗalibai, da zannuwan gadon asibiti, da kakin jami'an hanya da na masu shara. Idan aka mayar da shi doka cewa a nan za a ɗinka su, kuma a biya cikin lokaci ba sai tela ya yi wata shida yana sintiri a ma'aikata ba, yaran da za su fito daga Rigachikun da takardar shaida za su sami inda za su je da ita. In ba haka ba, za mu horar da su ne kawai mu miƙa wa Abuja da Legas, su je su kwana a ƙarƙashin tebur kamar yarana.

Akwai wani abu da ya shafe mu mu masu dawowa, wanda kunya ba za ta hana ni faɗa ba. Gidan da na kama, wani malamin firamare ne ya riga ni tayawa, amma da dillali ya ji daga Abuja nake sai ya ƙara kuɗi, ni kuma da na gwada da abin da na saba biya sai na ga araha, na biya ban ja ba. Daga baya na ji malamin ya koma can bayan gari da iyalinsa. Wato mun gudo daga tsada, mun kuma ɗauko ta a cikin kayanmu. Idan gwamnati ba ta buɗe sababbin unguwanni masu ruwa da hanya ba, ta sauƙaƙa samun takardar fili ga mai ƙaramin ƙarfi, ta kuma sa wa la'adar dillalai iyaka, waɗanda suka zauna suka riƙe garin nan a shekarun wuya su ne za su biya kuɗin farfaɗowarsa.

Ka kuma san cewa tun rikicin 2000 da na 2002 kogin Kaduna ya zama iyaka tsakanin Musulmi da Kirista a garin nan, kowa ya koma ɓangaren da yake jin barcinsa zai yi nauyi. A zamanin mahaifina, masaƙa ce wurin da Bahaushe da Bajju da Tibi da Bayarabe suke tsayawa a kan inji guda, su ci abinci a kwano guda. Tarukan zaman lafiya da ake yi a otal suna da amfaninsu, amma a shagona mutum biyar Musulmi ne, uku Kirista, kuma ranar da aka ƙona rigunan nan babu wanda ya tambayi addinin wanda ya yi gugar, kowa ya ja kujera aka farke wuya aka sake.

Ina gayyatarka, Mai girma Gwamna, ka zo Kakuri wata rana ba tare da an share titi an kafa rumfa ba, ka shiga harabar masaƙa guda ka ga rufin da idonka, sannan ka tsallaka ka zauna da mu mu nuna maka littafin da muke rubuta kuɗin mai. Hayar shagona za ta ƙare a ƙarshen shekara, kuma mai shi ya fara tambayata ko zan sabunta.

Allah ya yi maka jagora. Wassalam.

Naka cikin girmamawa,
Wani tela daga Kakuri, Kaduna ta Kudu.