Rahoton ayyukan zumuntarmu na shekarar 2024

'Yan'uwa cikin Kristi, ina gaishe ku cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Taron addu'a na wata-wata ya gudana kamar yadda aka saba, ban da na Agusta wanda ruwan sama ya hana.

Abin da ya fi faranta mana rai a bana shi ne ranar tunawa da muka yi a Asabar ta farko ta watan Maris, lokacin cikar shekara guda da ɓacewar Yellow Bee, jirgi mai saukar ungulu na ƙungiyar PAMAS ta 'yan'uwanmu Adventist a ƙasar Filifin. Kamar yadda kuka sani, a ranar 1 ga Maris, 2023, jirgin ya ɗauko mara lafiya daga tsibirin Mangsee da ke kudancin lardin Palawan zuwa asibiti a garin Brooke's Point, sai ya ɓace a kan teku da mutum 5 a cikinsa: matuƙi Daniel Lui, ma'aikaciyar jinya Janelle Alder, mara lafiya da masu rakiya biyu. Jiragen ruwa da na sama sun yi kwanaki suna nema, amma ba a same su ba.

Majami'a ta cika a ranar har sai da muka aro bencina daga makarantar da ke kusa. Matasa sun zana taswirar Palawan a allo domin jama'a su ga faɗin ruwan da ke tsakanin tsibirin da asibiti, kuma an jera kujeru biyar a gaba, babu kowa a kansu. Fasto ya yi karatu daga Ru'ya ta Yohanna 20:13, inda aka ce teku zai ba da matattun da ke cikinsa, ya kuma tuna mana cewa waɗanda ba a samu damar binne su ba, Ubangiji ya san inda suke kwance. Bayan wa'azi ne wata baba daga ƙauye ta miƙe ta ba da labarin 'yarta wadda naƙuda ta tsananta mata da damina, ta rasu a kan babur kafin a kai ga kwalta. Ta kwance gefen zaninta, ta zuba abin da ke ciki a kwanon baiko, ta ce a sa mai a jirgi ko da ba ƙauyensu zai sauka ba. Baikon ranar ya fi abin da muka tara a watanni ukun da suka biyo baya. Muna godiya ga zumuntar mata da suka ciyar da baƙi daga aljihunsu.

Game da gudummawar man jirgi da muka yi wa PAMAS alkawari, gaskiya ne ba mu aika ba tukuna, kuma kwamiti ya ji ƙorafin da ake yi a bayan idonsa. Lokacin da muka ɗauki alkawarin a farkon 2023, dala ɗaya tana wajen Naira 460 a farashin hukuma, amma a 2024 ta haura Naira 1,500, don haka abin da muka tara bai kai sulusin darajar da muka yi lissafi ba. Da ma'aji ya je banki, sai ya tarar kuɗin turawa zai ci wani babban kaso, shi ya sa kwamiti ya ga ya fi kyau a dakata har kuɗin ya ƙaru. Ko kwabo bai ɓata ba, kuma littafin ma'aji a buɗe yake ga duk mai son dubawa.

Gadon ɗaukar mara lafiya da akwatunan taimakon gaggawa da muka yi niyyar kai wa ƙauyukan bayan dutse su ma sun tsaya, domin da kuɗin wata-wata da 'yan zumunta ke biya aka shirya yin su, kuɗin watan kuwa bai shigo ba. A nan ne raina ya fi ɓaci. Akwai waɗanda suka zubar da hawaye a gaban kujerun nan biyar, amma tun daga ranar ba mu sake ganin ƙeyarsu ba. Ni da ma'aji mun bi gida-gida da man baburinmu, mun aika saƙo a WhatsApp, ana karantawa ba a amsawa. Mun san rayuwa ta yi tsada, kuma wanda ya zo ya faɗi uzurinsa ba mu taɓa matsa masa ba; shirun ne ke gajiyar da mu.

Taron farko na 2025 zai kasance bayan sujada a Asabar ta biyu ta Janairu. Kowa ya zo da katinsa na biyan kuɗi, domin a ranar za a zaɓi wanda zai taya ma'aji karɓar bashi, a kuma tsayar da ranar aika gudummawar.

Magatakardan zumunta