Inuwar Bakin Ginzo: Saƙo Ga 'Yan Uwa Mazauna Ƙetare

Assalamu alaikum, iyaye, yayye da ƙanne, 'ya'yan ta Dikko ɗakin kara, daga Saudiyya har Ingila da Amurka. Gida lafiya lau, sai kewarku.

A zaman da muka yi na ƙarshe an daɗe ana maganar inuwar nan ta bakin rafin Ginzo a birnin Katsina, inda muke son a mai da wurin hutawa na jama'a. Wani matashi ya tambaya wa ya kafa wurin, dattawa suka yi dariya. Ba wanda ya yanka kintinkiri a can. Masu lambu ne suka dasa bedi da mangwaro don su samu inda za su ci abinci su yi azahar, itatuwa suka girma, jama'a suka biyo inuwa.

Wanda ya tashi wajejen Ƙofar Marusa, Ƙofar Durɓi ko Ƙofar Sauri ya san lambunan nan. Da hunturu gari ya yi fari fat da ƙura, amma ka gangara sai ka tarar da latas da kabeji kore shar. Muna yara akwai wani tsoho mai jigo, in ka ja masa guga goma, zai tuge maka karas biyu, ya ɗauraye a kwalbatin ruwa ya ce, "Ungo, jika, kada ka taka mini fangali." Yanzu ƙarar inji ta maye kukan jigo.

Yankin ma ba baƙon tarihi ba ne. A nan Rafukka tsohuwar Kwalejin Katsina take, wadda aka buɗe a 1922 zamanin Sarki Muhammadu Dikko, inda Sardauna da Tafawa Ɓalewa suka yi karatu, yau kuma gidan tarihi ce. Ita an adana ta. Rafin kuwa tun da Katsina ta zama babban birnin jiha a 1987 gidaje suka matse shi, kwatoci suka juyo masa, leda ta cika gaɓa. Laifin namu ne duka, har da mu masu rubuta wannan takarda.

Abin da muka tsayar: a kwashe shara, a zuba bencina na siminti, a ƙara dashe kafin damina ta kankama. Wasu sun so a sa lilo da fitilu, muka ce a dakata. Dashe ba wuya. Rani da akuya su ne matsalar. Don haka mafi yawan kuɗin zai tafi ga shinge da ɗan alawus na masu lambu biyu da za su riƙa ban ruwa, kuma sai mun sami amincewar mai unguwa da hukuma tukuna.

Gudunmawa ta bi ta hannun ma'aji kamar kullum. Mai tsohon hoton wurin ya turo ta WhatsApp, ko da ya dushe. Allah ya bar zumunci.

Sakatare, a madadin shugabanni