Ƙullutun ruwa da jerin haramcin Goggo

Assalamu alaikum, ƙawata ta kaina.

Kafin ki fara masifa, na sani. Wata huɗu ke nan ban ce miki uffan ba, saƙonninki uku suna nan suna harara ta, na ƙarshen ma har da "ko kin mutu ne?" Ban mutu ba, sai dai akwai satin da na ɗauka hanyar na kama. Ya kike, ya aiki, ya 'yan biyu? Bari in fara sauke abin da ke cikina, don da gaske a cikin yake.

Tun farkon shirun nan wani ciwo ya riƙa taso mini a gefen hagu na mara, ba irin na al'ada ba, nauyi-nauyi kamar an ajiye mini dutse. Na yi ta sharewa, kin san ni da asibiti. Sai da Abban yara ya tsaya a bakin ƙofa ya ce ba inda za shi sai da ni. Aka yi sikanin. Mai ɗaukar hoton ta daɗe tana kallon allo, sannan ta ce akwai ƙullutun ruwa a gidan ƙwai na hagu, santimita 4 da 'yan kai. Ni dai "ƙullutu" kawai kunnena ya ɗauka. Kafin in ƙarasa ofishin likita har na gama raba kayan ɗakina a zuci. Ke na bar wa injin markaɗe, tunda shekara goma kina sa masa ido.

Likitar, wata dattijuwa mai haƙurin gaske, ta juya takarda ta zana mini. Ta ce kowane wata gidan ƙwai yana hura wata 'yar jaka mai ruwa, ƙwan ya nuna a ciki, jakar ta fashe ya fita. Wani lokaci jakar ta ƙi fashewa ta yi ta tara ruwa, ko kuwa ta saki ƙwan sannan bakinta ya rufe ta sake cika. Irin wannan aka fi gani a jikin mata masu al'ada, kuma yakan baje da kansa cikin wata biyu zuwa uku ko ba a sha komai ba. Akwai kuma waɗanda ba sa tafiya da kansu. Wani tsohon jini ne ke taruwa a ciki har ya koma kalar cakulan. Wani kuwa, riƙe kujerarki, in an buɗe sai a tarar da gashi da maiƙo, wani sa'in har da haƙori. Na ce likita don Allah ƙara duba mini, na bakin nan ma ban gama da su ba. Ta yi dariya ta ce nawa ruwa ne zalla, in dawo bayan sati takwas a sake ɗauka.

Kuskurena ɗaya, na faɗa wa Goggo.

Kafin la'asar kowa a dangi ya zama likita. Goggo ta ce tunda ciwon na ƙwai ne, ƙwai ya haramta gare ni, har kaza ma, don ita ke yin sa. Yaya Babba ta ce madara ce ke ciyar da shi. Matar Kawu ta ce ruwan sanyi ne ke daskarewa a mara, ki ji fa, kamar cikina firji. A wurin aiki, waccan ta tebur kusa da taga, kin gane ta, ta turo mini bidiyo biyar a dare ɗaya: a bar alkama, a bar waken suya, a bar nama, a bar tumatir. Ni kuwa tsoro ya riga ya ci ni, duk wanda ya faɗa sai in rubuta. Na ƙirga abu ashirin da uku a bayan littafin sayayya. Sati uku ina rayuwa da dafaffen kabeji da ruwan ɗumi kamar zomo mai jinya. Ga jiri, ga faɗa, yaran nan in sun ji tafiyata sai su watse. Abban yara ya ce shi ƙullutun bai taɓa yi masa tsawa ba, yunwar ce ke yi.

Ranar da na kusa kifewa a kicin na ɗauki jerin na koma wa likita tun lokaci bai yi ba. Ta karanta har ƙasa, ta cire tabarau ta ce, "To me ya rage kike ci?" Sannan ta faɗa mini maganar da tun farko nake bukata: babu wani abinci da aka tabbatar yana narkar da irin wannan ƙullutun, babu kuma wanda aka tabbatar shi ke kawo shi. Ƙwan kaza bai san hanyar gidan ƙwan mace ba. Madara da alkama ma, in dai ba sa ɓata mini ciki, ba dalilin gudunsu. Abin da abinci zai iya a nan shi ne rage wahala, don in ciki ya kumbura ko bayan gida ya ƙi fita, sai su ƙara danne wurin da ke ciwo. Ta ce in yawaita ruwa da ganye da 'ya'yan itace, in kuma lura da abin da ke cika ni da iska. Sai ga shi kabejin da na maƙale wa yana cikin masu laifin.

Ina shirin tashi ta tambaye ni yadda al'adata take zuwa. Na ce yadda ta ga dama, tun muna makaranta, wani lokaci kwana arba'in da biyar, wani lokaci ta tsallake wata biyu. Ta dubi haɓata. Eh, 'yan gashin nan uku da kike ce wa jikokina. Ta dubi bayan wuyana inda ya yi duhu, wanda na shekara ina dirza da soso ina zaton dauɗa ce. Ta rubuta gwajin jini. Da sakamako ya fito, sai ga wata maganar daban: PCOS, gajeren sunan Turanci na wani ciwo da ke nufin tarin ƙullutu a gidan ƙwai.

A nan ne na gane inda bidiyoyin nan suke cakuɗa hatsi da tsakuwa. Abu biyu ne masu kama da suna. Shi PCOS ba ƙullutu guda ba ne, ƙananan jakunkunan ƙwai ne da suka tsaya a hanya ba su nuna ba, sai su jeru a gefen gidan ƙwai kamar duwatsun wuya. Kin san ni in abu ya shiga kaina, ban yi barci ba daren nan sai karatu. Wasu likitoci biyu a Amurka, Stein da Leventhal, su suka bayyana shi a 1935, daga mata bakwai kacal da suka duba. A 2003 aka yi taro a Rotadam ta ƙasar Holan aka tsayar da alamomi uku: rikicewar fitar ƙwai, yawan homon, wato sinadarin jiki, irin na maza, da jerin jakunkunan nan a hoto. Mace in tana da biyu daga ciki, bayan an kore sauran cututtuka, to shi ne. Kusan mace ɗaya cikin goma tana ɗauke da shi, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce har kashi 70 cikin ɗari nasu ba a gano musu ba. Shekara nawa ina cikin wannan kason ina yawo da jikokina.

To a wannan ɗin ne abinci yake da ta cewa, kuma ta hanyar insulin, sinadarin da jiki ke fitarwa don daidaita sukarin jini. Da yawan masu PCOS jikinsu ba ya jin insulin sosai, sai jiki ya riƙa fitar da shi fiye da kima don ya shigar da sukari inda ya kamata. Yawan insulin ɗin kuma sai ya zuga gidan ƙwai ya ƙara yin homon na maza, shi kuma ya hana ƙwai nuna. Ga gashin haɓa, ga ƙuraje, ga duhun wuya, ga al'adar da ba ta san kalanda ba. Duk abin da ke harba sukarin jini sama da sauri, wutar nan yake hurawa.

Ashe maƙiyina ba ya ma cikin jerin Goggo. Lemon kwalba ne, wanda duk tsawon sati ukun zomo ban fasa sha ba, wai don ya ba ni ƙarfi. Gwangwani ɗaya mai mililita 330 yana ɗauke da sukari wajen giram 35, kusan cokalin shayi 9. Hukumar Lafiyar nan tun 2015 ta ce babba kada ya wuce kimanin giram 50 a yini, cokali 12, in ma da hali ya tsaya a 25. Ni biyu nake sha, ban da shayin safe mai cokali uku. Na ce to zan koma zuma da matsattsen lemo. Likita ta ce duk a lissafi ɗaya suke. Gara in ɓare lemon in ci da dusarsa, don ita ke rage wa sukarin gudu. Kin ga zumar nan ta ba ni haushi fiye da komai, don ji nake na yi dabara.

Sauran ba haramci ba ne, ragi ne. Farin burodi, biskit, kek, soye-soye, naman gwangwani, su ne na mayar baƙi maimakon 'yan gida. Shinkafa da taliya ina ci, amma yanzu kwata ɗin faranti suke samu, rabi ganye, sauran kifi ko wake ko kaza. Ta ce babu wani tsarin cin abinci guda da ya fi sauran a kan PCOS, wanda zan iya riƙewa shekara da shekaru shi ne nawa. Ga mai ƙiba irina, rage kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyi yakan isa al'ada ta fara daidaita. A kilo 84 ɗina, kilo 4 zuwa 8 ke nan, ba sai na koma sillan kara irinki ba. Ta haɗa ni da tafiya minti 150 a sati da ƙwayar metformin ta daidaita sukari, wadda satin farko ta sa ni da banɗaki muka zama aminai.

Af, Auta ta bar karatun nan da aka yi ta rigima a kansa, wai yanzu ɗinki take so. Baba bai ce komai ba, kin san shirunsa ya fi faɗansa. Mutuminki kuma ya sake yin aski irin na wancan karon. Ban yi dariya a gabansa ba, Allah ya gani, amma sai da na shiga ɗaki na toshe baki da filo.

Ina cewa? Yauwa. Abin da ya fi tayar mini da hankali wata baiwar Allah ce da muka zauna benci ɗaya ranar komawa. Nata ya kai santimita 7, an ce a yi aiki, sai ta sayi wani shayi a intanet da aka ce yana narkar da ƙullutu cikin kwana goma. Tana cikin sha wani dare ciwo ya sare ta, ga amai, ashe nauyin ne ya murɗe gidan ƙwan jini ya daina kai masa. Da ƙyar aka ceto shi. Likita ta ce daga santimita 5 zuwa sama haɗarin murɗewa yana ƙaruwa, kuma duk ranar da ciwo mai tsanani ya zo farat ɗaya, da amai ko zazzaɓi ko jiri, ba zancen jiran safiya. Ni da masu sayar da shayin nan, Allah ne kaɗai zai raba mu.

Nawa dai an sake ɗauka a sati na takwas, babu shi babu alamarsa. Na yi kuka a kan gadon hoton, mai ɗauka har ta tsorata. Goggo tana ji ta ce, "Ba na faɗa ba? Ƙwan nan ne." Ban gaya mata cewa sati biyar ke nan kullum sai na dafa biyu da safe ba, ke ma kada ki kuskura. Kilo 3 sun tafi, al'ada ta zo wata biyu a jere ba ta yi latti sosai ba, jikokina dai suna nan daram.

Yanzu ke. Kada ki ɗauka na manta wadda take ƙirga kwana hamsin a bangon ɗakinmu tana cewa ita jikinta ba ya son takura. Da 'yan biyu ko babu, ki je a duba miki sukari, ki faɗa musu yadda al'adarki take yi. Kuma ki ajiye kwalbar da na san tana gefenki yanzu haka kina karanta wannan. Injin markaɗe kuwa kin yi asararsa, ina nan da raina.

Ki shafa mini kan yara. Ki turo hoton gidan da kuka koma, wanda kika turo duk labule ne.

Taki har kullum,
Maman jikoki uku