Zara da Gamzaki abu ɗaya ne: roƙo a buɗe filin ilimin falaki

Zuwa ga Edita,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ka da dukan abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in yi magana a kan wani fannin ilimi da na ga muna neman barinsa ya sulale daga hannunmu, wato ilimin falaki, ilimin taurari da sararin samaniya. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata tambaya da jikana ya yi mini a ƙofar masallacin unguwarmu a nan Agege, bayan an idar da sallar Magariba, lokacin da ya nuna wata tauraruwa mai tsananin haske kusa da jinjirin wata ya ce, "Baba, waccan fa mece ce?" Kafin in buɗe baki, wani saurayi mai waya a hannu ya amsa masa da cewa tauraron ɗan Adam ne da Turawa suka harba. Ni da na tashi a ƙauye na san Zara ce, wadda iyayenmu ke kira matar wata, amma a cikin mutum fiye da goma da ke tsaye a wurin, mu biyu kaɗai muka san sunanta.

Ban ga laifin yaran ba. Wanda aka haifa a Legas, inda hasken fitilu da hayaƙin janareta da gajimaren teku suka rufe sama, sai ya girma bai taɓa ganin Kaza da 'Ya'yanta ba, balle ya san cewa manoman Arewa suna duban taurari wajen lissafin damina. Laifin namu ne, mu manya, domin mun bar abin da muka gada, kuma ba mu ɗora na zamani a kansa ba.

Bari in fara da ita Zarar, domin labarinta kaɗai ya isa ya buɗe wa mai karatu ƙofa. Zara ba ta da haske na kanta kamar yadda taurari suke da shi. Duniya ce kamar tamu, girmanta ma ya kusa da na tamu, Larabawa suna kiranta Zuhura, kuma hasken rana ne yake dukan farin gajimaren da ya lulluɓe ta ya dawo mana. Tana zagaya rana cikin kwana 225, kuma da yake ta fi mu kusa da rana, ba ta taɓa yin nisa da ita a idonmu. Shi ya sa ba a ganinta da tsakar dare a tsakiyar sama, sai dai a yamma bayan faɗuwar rana, ko a gabas kafin fitowarta. Idan ta yi watanni tana fitowa da Magariba sai ta ɓace na ɗan lokaci, sannan ta sake bayyana da Asuba, a nan ne kuma kakanninmu suka raɗa mata wani sunan, Gamzaki. Ashe Zara da Gamzaki abu ɗaya ne, kuma wannan kai da komo yana maimaita kansa bayan kusan kwana 584. Auren da aka ɗaura mata da wata kuwa dalilinsa shi ne jinjirin wata ma a yamma yake tsayawa, kusa da inda rana ta faɗi, don haka suke yawan haɗuwa a idonmu, alhali wata yana nesa da mu da kimanin kilomita 384,000 kawai, ita kuwa ko a lokacin da ta fi kusa da mu tazarar ta kai kilomita miliyan 40 ko kusa da haka. Duk kyan nan nata, zafin da ke bisa doronta ya wuce digiri 460, wanda ya isa ya narkar da dalma.

Duniyoyi takwas ne suke zagaya rana, har da tamu, kuma biyar daga cikinsu ana ganinsu da ido tun zamanin da, wato Uɗarid da Zuhura da Mirrihi da Mushtari da Zuhal, sunayen da duk almajirin da ya taɓa littattafan hisabi ya sani. Mushtari ita ce babbarsu, faɗinta ya ninka na duniyarmu sau 11, kuma a shekarar 1610 masanin nan ɗan ƙasar Italiya, Galileo, ya hango watanni huɗu suna zagaya ta da wata 'yar na'urar hangen nesa wadda ta yau ta kasuwa ma ta fi ta ƙarfi. Sauran biyun sai da na'ura aka gano su, Yuranus a 1781 da Neftun a 1846, kuma Neftun tana ɗaukar kimanin shekara 165 kafin ta zagaya rana sau ɗaya, ma'ana babu ɗan Adam da zai ga ta cika shekararta guda. Fuluto da muka haddace a firamare a matsayin ta tara, masana sun sauke ta daga wannan matsayi a taronsu na 2006 suka sa ta cikin ƙananan duniyoyi.

Inda hankali yake fara gajiya shi ne wajen nisa. Haske yana gudun kimanin kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya, amma duk da haka sai ya yi minti takwas da 'yan daƙiƙoƙi kafin ya iso mana daga rana, wadda take nesa da mu da kilomita miliyan 150. Ita kanta rana tauraruwa ce, kusancinta ne ya sa ta fi sauran girma a idonmu, kuma tauraruwar da ta fi kusa da mu bayanta haskenta yana shafe fiye da shekara huɗu a hanya. Rana ɗaya ce daga cikin taurari fiye da biliyan 100 da suke cikin gungun da muke ciki, wanda gefensa ne farin zanen nan mai kama da hayaƙi da ake gani ya ratsa sama a daren da babu wata a ƙauye. Gungu mafi kusa daga cikin manya, Andiromeda, hasken da muke gani daga gare shi yau ya baro can tun kimanin shekara miliyan biyu da rabi da suka wuce.

Na san abin da ke hana wasu iyaye barin 'ya'yansu su kusanci wannan fanni, wato tsoron kada ya zama duba. Tsoron yana da tushe, amma an haɗa abubuwa biyu da suka sha bamban. Mai duba yana da'awar cewa tauraro zai faɗa masa sa'ar aurenka ko cinikinka, shi kuwa masanin falaki awo yake yi da lissafi, kuma ana iya jarraba maganarsa. An sanar tun da wuri cewa ranar 29 ga Maris, 2006 rana za ta yi kusufi, kuma haka aka yi, duhu ya rufe Shaki a Jihar Oyo da Gusau da Katsina, mu a Legas muka ga wani sashe nata ya rufe. Dalilin kuwa wata ne ya gifta tsakaninmu da rana, kamar yadda zazzaɓin wata yake faruwa idan inuwar duniya ta faɗa kansa, abin da muke kaɗa masa gwangwani muna yara. Ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah (SAW) ya rasu rana ta yi kusufi, mutane suka danganta abin da rasuwar, sai Manzon Allah ya gyara musu cewa rana da wata ayoyi ne daga ayoyin Allah, ba sa kusufi saboda mutuwar wani ko rayuwarsa. Haka ma tauraruwa mai wutsiya, wadda muka yi wa kirari da cewa ganinta ba alheri ba, curi ne na ƙanƙara da ƙura da yake fitar da wutsiya idan ya kusanci zafin rana. Wadda ake kira Halley ta zo a 1986, kuma ana sa ran dawowarta a 2061.

Mu da lokutan sallarmu suka rataya ga tafiyar rana, azuminmu da Sallarmu suka rataya ga wata, mun fi kowa bukatar wannan sani. Yaro ya kamata ya san cewa wata yana cika zagayensa cikin kimanin kwana 29 da rabi, shi ya sa watan Musulunci yake yin 29 ko 30, kuma shekararsa ta kwana 354 take gaza ta rana da kusan kwana 11, dalilin da ya sa azumi yake zagayawa daga bazara zuwa sanyi. Wanda ya san haka zai fi fahimtar aikin kwamitin duban wata na Mai Alfarma Sarkin Musulmi, kuma ba zai rantse ya ga jinjiri a gabas da Magariba ba. Ko 'yan'uwanmu masu aiki a tashar jiragen ruwa ta Apapa, da suke ganin ruwa yana cikowa yana janyewa sau biyu a yini, kaɗan ne suka san cewa jan da wata yake yi wa teku ne babban dalili.

Ƙasarmu tana da hukumar sararin samaniya, NASRDA, tun 1999, ta harba tauraron ɗan Adam na farko a 2003, tana da cibiya a Nsukka da wata a nan Epe, amma da wuya ka ji bayanin ayyukanta da Hausa. Roƙona shi ne jaridar nan ta ware ko da rabin shafi ne sau ɗaya a wata, a riƙa faɗa wa masu karatu abin da za su gani a sama a wannan watan, da wajen da za su duba, da sunansa na Hausa da na Larabci. Malaman Islamiyya na Agege da Idi-Araba da Mile 12 za su iya fita da ɗalibai bayan Magariba da shafin a hannu, musamman a ƙarshen damina kafin hazo ya sauko, domin Legas tana kusa da layin da ya raba duniya gida biyu, kudu da arewa, ana ganin taurarin kudu da na arewa duka daga nan idan sama ta washe.

Na gode da ba ni wannan fili.

Naku,
Wani malamin makaranta mai ritaya,
Agege, Legas.