Wasiƙar Godiya ga Ma'aikatan Kamfanin Krystal Biotech na Birnin Pittsburgh

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri,

Ni mahaifi ne, Bahaushe mazaunin Bronx a birnin New York. Da gangan na rubuta da Hausa, don mutanenmu su ji abin da kuka yi mana.

Autarmu ta zo duniya ba fata a ƙafarta ta hagu. Ko ɗaukarta aka yi ba a hankali ba, sai wurin ya yi bororo ya fashe. Daga gida aka yi ta aiko mana da magana, wani ya ce iska ce, wata ta ce baki ne. Likitoci suka gwada jininmu suka ce sunan ciwon dystrophic epidermolysis bullosa, kuma gado ne. Ni da uwarta 'ya'yan wa da ƙani ne, kowannenmu yana ɗauke da ƙwayar halittar COL7A1 mai tangarɗa ba mu sani ba. In lafiyarta ƙalau, ita ce ke sa jiki ya samar da wani sinadari mai suna kolajin nau'i na 7, wanda ke ɗinke fatar sama da ta ƙasa. In babu shi, fata sai ta riƙa saɓulewa. Turawa na kiran irin waɗannan yara 'ya'yan malam-buɗe-littafi, saboda rashin ƙwarin fatarsu.

Shekaru muka yi kullum dare muna canjin bandeji, tana kuka, uwarta na kuka. Akwai wani gyambo a gwiwarta da ya ƙi rufewa sam.

Ranar 19 ga Mayu 2023 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da maganinku, Vyjuvek. Da aka ce mini da ƙwayar cutar da ke kawo ƙurajen leɓe aka haɗa shi, wallahi gabana ya faɗi. Sai likitarta ta zaunar da ni ta yi mini bayani: an kashe mata kaifi yadda ba za ta hayayyafa ba, an mayar da ita 'yar aike, tana kai lafiyayyar ƙwayar halittar cikin fata. Ba allura, ba tiyata. Ɗigawa ake yi a kan miki sau ɗaya a mako, a rufe. Ta ce a gwajin da aka yi da mutum 31, kashi 67 cikin ɗari na mikin da aka sa wa maganin sun rufe ruf bayan wata shida, alhali inda ba a sa ba kashi 22 ne.

Na san bai raba ta da ciwon ba. Fata na sabuntawa, dole a ci gaba da sawa, sabon bororo kuma bai daina fitowa ba. Amma wanda ya kwana yana jin kukan ɗansa ya san darajar miki ɗaya da ya warke.

Ina da roƙo guda. Turai da Japan sun amince da maganin a 2025. Ku tuna da Afirka, domin auren zumunci ya yi yawa a wajenmu, akwai kuma iyayen da har yau ba su san sunan abin da ke damun 'ya'yansu ba.

Gyambon gwiwar nan ya rufe. Ran Juma'ar da ta wuce na shigo gida na tarar da ita ta durƙusa a kan darduma kusa da uwarta, tana kwaikwayon sujada. Allah Ya saka muku da alheri, Ya ƙara basira.

Naku,
Baban Auta