Amsa ga Ɗana da Ya Tambaye Ni Inda Allah Yake a Daren Chibok

Ɗana,

Gaisuwa da fatan alheri. Ban ji shirin rediyon ba lokacin da aka watsa shi, sai daga baya wani dattijon ikilisiya ya kunna mini a wayarsa. Na ji ka kira ni "Baba Fasto", na kuwa gode da ladabin, ko da yake abin da ya biyo baya ya nuna na sallama ne kawai. Ka ce in amsa maka a bainar jama'a: wa ya halicci Allah? Me ya rage masa tunda kimiyya ta bayyana yadda duniya ta samu? Ashe ba da magani da makarantar boko 'yan mishan suka sayi kakanninmu ba? Sannan ka rufe da wadda ka san za ta yi zafi: ina Allahnmu yake a daren 14 ga Afrilu 2014, da aka kwashe 'yan mata 276 daga makarantar sakandare ta Chibok? Ka ƙara da cewa mu fastoci dillalan haƙuri ne, muna sayar wa gwauraye da marayu haƙuri, su kuma suna biyanmu da baiko.

Ta farkon ba za ta cinye mana lokaci ba. Ba mu taɓa cewa kowane abu yana da mahalicci ba. Cewa aka yi duk abin da yake da farko yana da sanadi, haka Imam Ghazali, wanda ya rasu a 1111, ya tsara zancen. Toma Akwinas ya bi wata hanyar a ƙarni na 13 ya iso kusa da nan: in kowane abu da wani yake dogaro, dole jerin ya tsaya a kan wanda ba ya dogaro da kowa. Kai ma kana da wurin da kake tsayawa, sai dai kai ka ce sararin samaniya ne ya samu haka kawai. To, kowa da inda ya ajiye sandarsa. Yaran makarantar Lahadi suna yi mini wannan tambayar, kai ma ka yi mini ita kana sanye da gajeren wando, kuma a lokacin ka fi yin ta da gaskiya.

Batun kimiyya kuwa, mutumin da ya nuna da lissafi a 1927 cewa sararin samaniya buɗewa yake yi, wanda daga baya ya kawo bayanin cewa daga ɗigo guda ya faro, limamin Katolika ne ɗan Beljiyam, Georges Lemaître. Kuma da Paparoma Pius na 12 ya yi jawabi a 1951 yana neman kafa hujjar halitta da wannan bincike, limamin bai ji daɗin haɗa abubuwan biyu ba. Na kawo wannan don ka san ba na cikin masu cewa na'urar hangen nesa ta hango Allah. Kimiyya tana gaya mana yadda abu yake aiki. Dalilin da ya sa akwai wani abu tun farko, da dalilin da ya sa yake bin doka har ɗan adam ya iya lissafa ta, ba a ɗakin gwaji ake yanke su ba.

Zancen sayen kakanninmu ya fi waɗancan ɓata mini rai, domin ba daga bakinka na fara jin sa ba. Tun muna yara ake ce mana Bahaushe ba ya zama Kirista, in ka gan shi to an saye shi ne. Yanzu kai da ka ce ka 'yantu daga camfi, ga shi ka ɗauko tsohon gorin ka sa masa sabuwar riga. Malam, Agustin da duniyar Kirista take karantawa har gobe bishop ne a Hippo, wato Annaba ta Aljeriya a yau, ya rasu a 430. Sarki Ezana na Habasha ya karɓi bangaskiya a ƙarni na 4, tun kafin masu bisharar da Paparoma ya aika su isa wurin Turawan Ingila a 597. A nan gida, ka bincika labarin Isawa, almajiran Malam Ibrahim wanda aka kashe a Kano a ƙarni na 19 saboda abin da yake koyarwa game da Annabi Isa, alhali bai taɓa zama a gaban ɗan mishan ba. Zuriyar almajiransa ne suka nemo ɗan mishan Likita Miller a Zariya da ƙafarsu. Da suka taru suka zauna a Gimi, ciwon barci ya auka musu ya kashe da yawa, waɗanda suka tsira kuma ba su juya baya ba. In saye ne, wane irin ciniki ke nan? Kuma in za a rushe imanin mutum don ya gaje shi ne, sai a tambayi inda naka shakkun ya fito, domin ban ji wata jimla a bakinka ba wadda ba a riga an buga ta a Landan ba. Inda magana ta biyo ba shi ke nuna gaskiya ce ko ƙarya ba.

Yanzu ga Chibok.

Ka yi tambayar da murya irin ta wanda ya gano abin da aka daɗe ana ɓoye wa jama'a. Ba a ɓoye ba. Masana falsafa sun juya ta tun zamanin Girkawa: in Allah yana da iko duka kuma nagari ne, daga ina mugunta? J. L. Mackie ya sake kaifafa ta a 1955, Alvin Plantinga ya amsa masa a shekarun 1970 cewa babu karo tsakanin samuwar Allah da samuwar mugunta muddin an halicci mutum da 'yancin zaɓi na gaske, domin wanda ba zai iya ƙin alheri ba, ba a ce ya zaɓe shi ba. Wannan amsa tana da ƙarfi a kan daren da ka ambata. Waɗanda suka zo mutane ne, da bindigogi da motoci, kowannensu yana da uwa, kowannensu yana iya cewa a'a. Kuma ƙungiyar Amnesty ta ba da rahoto a watan Mayun shekarar cewa an sanar da sojoji fiye da awa huɗu kafin harin. Abin mamaki, a dogon jawabinka ban ji ka tambayi inda waɗannan suke ba. Ka tsallake mai bindiga, ka tsallake mai gadi, ka tsallake gwamnati, ka kai ƙara sama, inda ka tabbata ba za a aiko 'yan sanda su ɗauke ka ba.

Amma ba zan ɓuya a bayan Plantinga ba. Zancen 'yancin zaɓi ba ya bayyana sanƙarau ɗin 1996 da ya kwashe dubban yara a Arewa, kuma ba zan taɓa ɗaukarsa in kai wa uwar da 'yarta take daji ba. Littafi Mai Tsarki kansa bai ba mu dalilin kowace masifa ba, ya ma hana mu ƙirƙiro shi. Abokan Ayuba sun zauna da shi kwana bakwai ba wanda ya ce uffan, iyakar daidai ɗin da suka yi ke nan. Da suka buɗe baki suna kare Allah, suna cewa lalle akwai laifin da Ayuba ya yi, a sura ta 42 su Allah ya tsawata wa, ya ce Ayuba mai ƙorafin ne ya faɗi gaskiya a kansa. Da aka zo wa Yesu da zancen masifa, ya ambaci mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗo wa, ya ce ba su fi sauran mutanen Urushalima laifi ba. Habakuk ya buɗe littafinsa da tambayar har yaushe zai yi ta kuka a kan zalunci ba a amsa masa ba. Zabura ta 88 ta ƙare cikin duhu, ba ko kalmar ta'aziyya. Tambayarka, ɗana, a littafinmu take, muna rera ta ranar Lahadi. Kuma mafi zafinta ba mulhidi ne ya furta ta ba, Yesu ne a kan gicciye: "Ya Allahna, ya Allahna, don me ka yashe ni?"

Nan amsarmu take, ko ta gamsar da kai ko ba ta gamsar ba. Ba mu ce Allah yana zaune nesa yana kallo ba. Mun ce ya shigo cikin jiki, an kama shi da dare, an yi masa shari'ar zalunci, mai mulki ya wanke hannu, aka kashe shi a gaban mahaifiyarsa. Saboda haka in ka tambayi Kirista inda Allah yake a daren Chibok, zai ce maka yana cikin motar tare da waɗanda aka kwasa. Mun kuma ce kabari bai riƙe shi ba, don haka mai bindiga ba shi ne zai yi maganar ƙarshe ba, akwai ranar hisabi. Kana da damar cewa ba ka yarda da tashin matattu ba, a nan ne muhawararmu ta gaskiya take. Amma ka daina cewa ba mu da abin faɗa sai "a yi haƙuri".

Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne yadda ka mai da hawayen mutane harsashi ba tare da ka tambayi masu hawayen ba. Yawancin 'yan matan nan 'ya'yan Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya ne, cocin da ya faro a Garkida a 1923, wanda koyarwarsa ta hana ramuwa. A watan Oktoban 2014 aka mamaye hedkwatarsu a Kwarhi, shugabanni da membobi suka watsu. Ba su rufe ikilisiya ba. Rabaran Lawan Andimi na Michika, da aka kama a farkon Janairun 2020, ya yi magana a bidiyon da masu garkuwa da shi suka ɗauka, ya ce bai karaya ba, domin duk halin da mutum ya sami kansa a hannun Allah yake. A cikin watan aka kashe shi. Leah Sharibu tana cikin 'yan matan Dapchi da aka sace ranar 19 ga Fabrairu 2018, an sako sauran da suka rayu, ita aka riƙe don ta ƙi barin bangaskiyarta. Ban ce jimirinsu hujja ce cewa akwai Allah ba, mutum yana iya mutuwa a kan kuskure. Amma ba ka da hurumin kiransu shaidu a ƙarar da ka shigar, sannan ka toshe musu baki in sun tashi ba da shaida. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Kuma da ka ce dillalan haƙuri, ka taɓa tsayawa ka kalli zaman makoki a irin ikilisiyoyinmu na ƙauye? Kafin fasto ya iso, zumuntar mata sun riga shi. Kowacce da abin da ta ɗauko: wannan mudun dawa, waccan ƙullin kuka da daddawa, wata itace a ka. Su kafa murhu a bayan gida, biyu su shiga ɗaki su sa matar mamacin a tsakiya, ɗaya ta goya mata jaririn. Ba wa'azi. Sai dare ya raba wata ta fara buga tulu a hankali, su ja waƙa, ita kuma ta yi kukan da ta kasa yi da rana. In damina ce, samari su je su nome gonar mamacin. Ko sisi ba a karɓa. Mahaifiyarka tana cikin masu ɗaura wannan zanen, ka tambaye ta nawa ake biyanta.

Sai tambaya ɗaya daga gare ni. Ka kira abin da aka yi a Chibok mugunta, na yarda da kai ɗari bisa ɗari. Amma da wane mudu ka auna? Ban ce mulhidi ba ya da halin kirki ba, na san waɗansunku da suka fi wasu dattawan coci amana. Tambayata ita ce, in babu kome sai ƙwayoyin halitta da tsautsayi, me ya sa satar yarinya ta zama laifi na haƙiƙa, ba abin da ni da kai kawai ba ma so ba? Wanda ya sace ta shi ma yana da abin da yake so. Fushinka na gaskiya ne, amma aro ka yi daga gidan da kake jifa.

Na kuma san dalilin da ya sa ni ka zaɓa. Tsohon fasto ba ya da lauya, ba ya da zugar matasa, kuma sunansa zai ja maka masu sauraro. Ba laifi. Da aka yanke wa mulhidin nan Mubarak Bala ɗaurin shekara 24 a Kano a 2022, ban yi murna ba, ko da yake ban yarda da abin da yake faɗa ba, domin bangaskiyar da sai an tsare ta da kurkuku ba ita Toma almajirin Yesu ya samu ba, shi da aka ce ya miƙo yatsa ya taɓa. Ka yi tambayarka lafiya, ba wanda zai taɓa ka daga wajenmu.

In kana neman dillalai na gaske kuwa, ba sai ka sha wahala ba, hotunansu na manne a kowane shataletale. Masu sayar da mai da ruwa a kwalba, masu cewa a "shuka iri" da kuɗin makarantar yara, masu gaya wa matar da ta rasa miji cewa ƙarancin bangaskiyarta ne ya jawo, wato maganar abokan Ayuba sak, sai dai yanzu da lasifika da janareto. Waɗannan sun fitar da matasa daga coci fiye da duk littattafan falsafar da ka karanta, kuma mu da muka yi shiru don gudun a ce hassada ce, mun bar su sun zama fuskar addinin. Ka fuskance su in ka isa, zan tsaya a gefenka. Amma kada ka haɗa su da mai bisharar ƙauye da yake noma abin da zai ci, yana taka keke zuwa jana'iza, wata uku ba a biya shi ɗan alawus ɗinsa ba.

Muƙabalar da ka nema na karɓa, amma ba a ɗakin rediyo ba inda mai gabatarwa zai katse mu don tallar magani. Mu yi ta a ɗaya daga cikin sansanonin 'yan gudun hijira, a gaban matan da ka yi magana da yawunsu, a ba su damar yi mana tambayoyi mu duka biyun. Ka sa rana, ka zo da littattafanka. Kuɗin mota ni zan biya, daga aljihuna, ba daga baiko ba.

Naka,
Baba Fasto