Yaranmu na Legas suna jin Hausa, amma ba sa iya karanta ta

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a jaridarka mai farin jini don mu yi magana a kan 'ya'yan Hausawa haifaffun Legas.

Ka shiga Agege ko Idi-Araba ko Mile 12, za ka ji yaro yana zuba Hausa da Yarbanci ba gargada. Amma miƙa masa littafin Hausa, a layin farko zai yi turus. Abin yana ci mana tuwo a ƙwarya. Tun kafin zuwan Turawa malamanmu ke rubuta waƙa da wasiƙa da ajami, gasar rubuta ƙagaggun labarai ta 1933 kuma ta fito da su Abubakar Imam da Bello Kagara a boko. Duk wannan gado a kulle yake ga yaron da bai iya karatun harshensa ba.

Masu masaukinmu sun yi wa nasu gata: a 2018 Jihar Legas ta yi dokar wajabta koyar da Yarbanci a makarantu. Namu kuwa, in ba mu tashi ba, ba mai ɗaukar mana.

Islamiyya ce wurin da yaran suke haɗuwa, don haka a can za a fara. A ware minti 40 ranar Asabar da Lahadi, aji kada ya wuce yara 20. Tunda sun san baƙaƙen boko, a tafi kai tsaye ga masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, sai 'y da ts. A riƙa jera kalmomi biyu-biyu a allo: baki da baƙi, kafa da ƙafa, bari da ɓari kuwa a nanata su. Daga nan sai rabon kalma, inda har manya ke tuntuɓe saboda rubutun waya: "ga shi" daban da "gashi", "ta fi" daban da "tafi". Bayan wata uku a sa kowane yaro ya rubuto tatsuniya ɗaya daga bakin kakarsa, ya karanta a gaban aji.

A tara tatsuniyoyin a buga ƙaramin littafi. Takardar A4 ɗaya in an ninke ta tana ba da shafi 4, wato takarda 8 ta isa littafi mai shafi 32. A nan ne aiki ya fi lalacewa. Yawancin masu ɗab'i a Shomolu, cibiyar buga littattafai a Legas, ba sa jin Hausa, kuma in samfurin haruffan kwamfutarsu ba shi da ƙ, sai ta fito kamar ɗan akwati, ko a mayar da ita k ba tare da sun lura ba. A yi rubutun da samfurin haruffa mai ɗauke da masu lanƙwasa, kamar Charis SIL ko Andika, a kai musu shi a PDF, sannan mai jin Hausa ya duba kwafin gwaji shafi-shafi kafin a kunna inji.

Wassalam.

Wasu malaman Hausa,
Agege, Legas